Lefen da Ya Ƙi Sauka a Hotoro

"Ina akwatunan?!"

Muryar Mama ce ta daki kunnen Zahra'u har ƙuryar ɗakin da ta ɓuya. Ta leƙa ta labule. Ga gwaggonnin angonta Isyaku sun cika tsakar gidansu na Tarauni, ga kaji da cincin an jere, amma ko jakar hannu ba a shigo da ita ba.

"Tare muka taso daga Gyadi-Gyadi..." in ji babbarsu, tana share zufa. "Manhajar nan tasu ce ta kiran mota a waya, yanzu har kaya take ɗauka. Mu aka kira mana mota, lefe aka kira masa tasa."

"Dama na faɗa!" Mama ta tafa hannu. "Ɗan adaidaita! In babu lefe ku tashi, an fasa!"

Zahra'u ta saki labulen. Shekara biyu tana lallaɓa Mama ta yarda da auren, a ce yau komai ya rushe?

Ta kira shi a waya tana kuka.

"Isyaku, ka kashe ni..."

"Zahrata, wallahi da hannuna na loda su! Hasana na ba wayata ta kira motocin."

Hasana! 'Yar baffansa, wadda ko sunan Zahra'u aka ambata sai ta taɓe baki. Ita ce kuma ciwon kai ya hana ta zuwa yau.

Wani kira ya shigo.

"Hajiya Zahra'u? Ɗanladi ne, mai motar kaya. Ina Hotoro, inda aka turo ni. Wata ta ce ita ce amarya, in sauke."

"Ka sauke?!"

"Ina! Sai da lambar karɓa, ita kuma ba ta da ita. Wayarki aka tura wa."

Ta duba wayar. Ga saƙon tun ɗazu. Ashe Hasana adireshi kawai ta canza. Ba ta san duk Juma'a Isyaku na aiko wa Zahra'u kilishi ta manhajar ba, sunanta da lambar wayarta na nan daram a gurbin mai karɓa.

Zahra'u ta manta da kunyar amarya, ta fito ba mayafi, ta ƙure muryar wayar a gaban Mama. Kowa ya ji ihun Hasana: "Ni ce matarsa, ka sauke!"

Gwaggo babba ta dafe ƙirji, ta hau salati.

Mama ta kai hannu kan wayar. Ta fizge ta.

"Kai direba, juyo Tarauni. Ni zan karanta maka lambar da bakina."