Mamatsin Bahago

Ranar da Kafinta ya fara shiga shagon tsofaffin ƙarafa, wallahi ba mata ya je nema ba. Teburin aiki ya haɗa wa kansa, mai kaurin ƙafafu, ko girgiza ba ya yi. Abu ɗaya ya rage masa: mamatsi, ƙarfen nan da ake murɗawa ya riƙe katako gam, mutum ya samu hannu biyu na aiki. Sabo kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa, har ya daina tambayar farashi. Da gwiwa yake danne katako yana yanka.

Yana cikin tone tarin ƙarafa sai ya ji murya daga bayan kantar shagon.

"Malam, in zinare kake nema, an riga ka."

Ya ɗago. 'Yar mai shagon ce, yatsunta jawur da tsatsa, idanunta cike da dariya. Bawan Allah sai da ya manta abin da ya kawo shi.

"Dogon ƙarfe mai tiredi nake nema, irin zaren nan da noti ke bi, da notinsa," ya ce da ƙyar. "Ko na tsohon jak ɗin mota ne. Mamatsi zan haɗa."

Kafin ta amsa, mahaifinta ya fito daga ciki, dattijo mai kaifin ido wanda ya tsufa a aikin sarrafa ƙarfe. Ya miƙa masa wani guntun ƙarfe ya duba. Kafinta ya sa hannu ya karɓa. Da hagu.

Fuskar Baba ta ɗaure tamau.

"Da hagu ake karɓar abu a gidanku?"

"Afuwa, Baba. Bahago ne ni, hannun ne ya riga ni."

Baba ya daɗe yana kallon hannun nan, sannan ya fizge ƙarfensa. "Babu abin da kake nema a nan."

Ai kuwa akwai. Kafinta ya dinga zarya kullum da sunan duba ko an kawo sababbin kaya, har ta rubuta masa lambarta a jikin wani kwali. Ya raɗa mata suna 'Yar Tsatsa. Ta ce sai ta kai ƙararsa, amma ba ta taɓa ƙin amsawa ba.

"'Yar Tsatsa, yau sau biyu na buga guduma a yatsana, kuma laifinki ne."

"Sannu Kafintana. Ka kula mini da hannun nan, shi ya fara gaishe ni."

Matsalar ita ce ba shi kaɗai ke zarya ba. Akwai Mai Kujeru, wanda shagonsa gilashi ne daga sama har ƙasa, mutumin da bai taɓa riƙe zarto ba amma yana sayar da aikin kafintoci goma. Yana zuwa da mota da ƙamshin turare, da hannu biyu yake gaida Baba. Da kawun Kafinta ya je neman izini, Baba bai yi wani ɓoye-ɓoye ba.

"Ba na yi wa 'yata dole. Amma ba zan ba da ita ga mai danne katako da gwiwa ba. Ranar Asabar zan je in ga teburin nan nasa. In ya riƙe katako, mu yi magana. In bai riƙe ba, kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofata."

Saura kwana huɗu ke nan. Kafinta ya karaɗe gari, garejin makanikai, wajen masu walda, wajen 'yan gini. Wani ƙarfen ya lanƙwashe, wani tiredinsa ya cinye, wani babu noti. Hankalinsa ya tashi.

Ranar Laraba da rana 'Yar Tsatsa ta kira shi bayan shago, ta miƙa masa wani abu a naɗe cikin buhu.

"Tafi da shi. Kada ka buɗe a nan."

Da ya juya zai tafi, ya hango Mai Kujeru ya jingina da kantar shagon, ita kuma ta koma tana gaishe shi har da murmushi. Kishi ya kama shi, amma ya danne ya wuce.

A rumfarsa ya kwance buhun. Kai! Ƙarfe ne santalele, ya sha mai, tiredinsa kamar yau aka yanka. Kwana biyu ya yi yana huda katako, yana daidaita baki, yana saka hannun murɗawa. Ranar Juma'a da la'asar ya gama. Ya sa katako a baki, ya murɗa dama kamar yadda ake murɗa kowane mamatsi a duniya.

Bakin ya buɗe. Katako ya faɗi ƙasa, tim!

Ya sake murɗawa, ya ƙara buɗewa. Gumi ya karyo masa. Tiredin a juye yake. Gobe Baba zai kama hannun mamatsin ya murɗa dama, katako ya faɗo masa a ƙafa a gaban kowa. Murmushin da ta yi wa Mai Kujeru ya dawo masa, zuciya ta ɗebe shi ya ɗauki waya ya tura mata saƙo.

"In shi kika zaɓa, da kin faɗa mini kawai. Ba sai kin ba ni ƙarfen da zai kunyata ni gaban Baba ba."

Amsa ba ta zo ba sai da ya gama zagaye rumfar kusan sau ashirin.

"Na ji zafin maganarka, har na yi kuka. Amma je ka kama shi da hannun da Allah ya ba ka, ka murɗa yadda hannun yake so. Ni tun ranar farko nake kallonka, kai ne ba ka taɓa kallon kanka ba."

Ya ajiye wayar. Ya sa hagu, ya murɗa hagu. Bakin ya rufe a hankali, ya cafke katako, ƙarfin ya taho tun daga kafaɗarsa ba tare da wata wahala ba. Tunda ya fara koyon aiki yake fama da kayan na-dama, bai taɓa riƙe abin da aka yi domin hannunsa ba. Kunya ta rufe shi.

"Ki yafe mini, 'Yar Tsatsa. Ni ne sakarai."

"Na sani. Na yafe. Amma ka yi addu'a, don Baba bai san na ɗauko ba."

Duk da haka ya kwance mamatsin daga gefen da kowa ke sakawa, ya mayar da shi ɗaya gefen, inda ya dace da bahago. In za a kore shi, a kore shi da gaskiyarsa.

Asabar da hantsi Baba ya iso, ita tana biye da shi kanta a ƙasa. Mai Kujeru ma ya biyo su, wai ya zo ba da shawara. Yana ganin teburin ya fashe da dariya.

"Baba, duba fa, a baibai ya saka!"

Baba ya zagaya teburin, ya jijjiga shi, ya shafa samansa. Sai idonsa ya sauka kan ƙarfen. Ya tsaya cak.

"Ina ka samo wannan?"

Kafinta ya dubi 'Yar Tsatsa. In ya faɗi gaskiya ya tona mata asiri, in ya yi shiru ya zama ɓarawo.

"Ni na ba shi, Baba," ta ce. "Daga ƙasan akwatinka na ɗauko. Shekara da shekaru ina ganin kana shafa masa mai kana mayarwa. Ka hukunta ni, amma ba sata ya yi ba."

Baba ya shafa ƙarfen da yatsa, Kafinta kuwa har ya fidda rai.

"Ni na yanka tiredin nan," in ji shi a ƙarshe, a hankali. "Ina saurayi, a wajen koyon aiki. Ubangidana ya gani ya yi mini dariya gaban mutane, ya ɗaure mini hannun hagu a baya wata uku, sai da na koyi aiki da dama. Tun daga ranar ban ƙara ɗaga guduma da hagu ba. Da na gan ka, yaro, haushi ne ya kama ni. Kai ba wanda ya ɗaure ka."

Ya ɗauki katako ya sa a baki. Sannan, a gaban 'yarsa da ba ta taɓa gani ba, ya miƙa hannun hagu ya kama, ya murɗa. Bakin ya rufe gam. Ya kama katakon da hannu biyu ya ja da iya ƙarfinsa, teburin ma bai motsa ba. Idonsa ya ciko, ya juya kai yana gyaran murya.

"Ya riƙe. Ka ce wa kawunka ya dawo."

Ba wanda ya lura da lokacin da motar Mai Kujeru ta bar wajen.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Gadonsu da kujerunsu duk a kan teburin nan aka yi su, rabin aikin ma Baba ne ya yi, don kullum sai ya zo da sunan duba ko ƙarfen na buƙatar mai. Ranar da za a kai amarya Baba ya riƙe hannunta ya kira ango.

"Ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."

Kafinta ya yi sauri ya miƙo dama. Baba ya ture hannun.

"Kawo ɗayan. Da shi kake riƙe abu da kyau."