Sawun Igwa a Hanyar Ondrel

Hamur ya fara cin rana ke nan Yorek ya ji kukan ƙafafun amalanke daga ƙasan kwari. Ya ƙara lafewa bayan dutse, bindigar toka manne da ƙirjinsa. Kullum da tsakar rana haka Hamur, ƙatuwar duniyar nan da ke samansu, take shiga tsakaninsu da haske, gari ya yi duhu na ɗan lokaci, sanyi ya sauko, dabbobi su tsaya cak. A cikin wannan ɗan duhun Dask ya ce za a yi aikin.

Dask shi ne ogan gungun, siririn mutum mai yawan murmushi. Ya rarrafo kusa da su, ya yi ƙasa da murya.

"Tubra, ke da yara ku ji da masu gadi. Yorek, kai da dabbobi. Wanda ya kuskura ya yi harbi kusa da amalanken albarushi ba sai na hukunta shi ba, dukkanmu a sama za a tsince mu."

"Kai za a fara tsinta, Oga," in ji Tubra. "Ka fi kowa rashin nauyi."

Tsohuwar mai harba igwa ce a rundunar Sarki, yatsunta biyu sun tafi a bakin aiki, aka sallame ta ba ko na gode.

Ayarin ya shigo. A gaba gorom ne jere bibbiyu, manyan dabbobin nan masu ƙafa shida, suna nishi cikin sarƙoƙi. A bayansu igwar. Daga ƙarfen jirgin da ya sauke kakanni daga taurari aka zuba ta, bakinta kuwa mutum zai shige shi da rarrafe. Amalanken duwatsun harbi na biye da ita, sai na ciyawa, sai na ruwa. Can baya nesa da kowa amalanken albarushi ne, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙiyar fata.

Ondrel za a kai ta. Rundunar Sarki ta daɗe da yi wa garin ƙawanya, ganuwa ta gagara. Uwar Yorek da matarsa suna cikin wannan ganuwar. Shi da kansa mai koran gorom ne na runduna, ranar da ya ji inda aka nufa da igwar ya ajiye bulala ya shiga daji. Dask ya yi masa alkawari: a sace ta, a miƙa wa mutanen Ondrel, kowa ya samu rabonsa.

Duhu ya rufe. Gorom suka tsaya.

"Yanzu!"

Suka gangaro. Bindigar Tubra ta fara magana — mai gadin gaba ya faɗo. Wani ya zaro takobi, aka kwaɗa masa gindin bindiga a ƙeya. Ihu ya cika kwarin. Wani soja ya harba cikin duhu bai ga kowa ba, harsashin ya fasa babbar gangar ruwa. Yorek ya ji ruwan yana kwarara ƙasa, amma babu lokacin tsayawa. Ya daka tsalle ya cafke linzamin gorom na gaba.

"Sauka, Baba! Sauka ka kwanta!"

Tsohon da ke kan kujerar kora bai motsa ba. Ya ɗaga fitila ya haska fuskarsa.

"Yorek? Kai ne?"

Oshem ne, wanda ya koya masa riƙon linzami tun bai fi tsayin gwiwar gorom ba.

"Baba, don girman kakanni ka yi shiru ka kwanta."

"Ɗana, me za ka yi da ita? Ba ka ji ruwa ya zube ba? Waɗannan dabbobin tun safe—"

Bai ƙarasa ba. Dask ya ɓullo ta bayansa, wuƙa ta shiga ta fita. Fitilar ta faɗi. Tsohon ya sulale ya kife a kan sarƙa.

Yorek ya tsaya baki buɗe. "Ba shi da makami, Oga."

"Yana da baki, kuma ya san sunanka." Dask ya goge wuƙar a rigar mamacin. "Kora mu tafi, haske na dawowa."

Da gefen rana ya sake leƙowa, sun riga sun bar kwarin. A mararraba Dask ya tsai da su. Ya sa aka kwashe gangunan albarushi aka ɗaura wa dabbobin kaya, ya ware ganguna biyu ya ajiye kusa da igwar.

"Kaya biyu ba sa bin hanya ɗaya," ya ce. "Ni zan bi ta tudu da albarushi. Ku ku bi hanyar bakin rami zuwa gadar Sarn. Mutanen Ondrel na jiran ku a can da ruwa da sabbin dabbobi. Waɗannan biyun na ko-ta-kwana ne."

Tubra ta kanne ido. "Kai ka ɗauki mara nauyi, mu ka bar mu da giwa."

"Ke kika iya ta, yaya. Ni ko bakinta daga gindinta ban sani ba."

Ya yi murmushi, ya tafi da mutum uku. Aka bar Yorek da Tubra da 'yan'uwan nan biyu, Pell da Garro, waɗanda ba su iya komai ba sai duka da cin abinci.

Kafin yamma masu tsaron hanya suka iso kwarin a kan tsuntsayen sukuwa. Kwamanda Relk ta diro, ta bi gawarwakin ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya a kan Oshem, ta juya shi, ta rufe masa ido. Wani soja da aka fasa wa kai ya jingina da amalanken ciyawa yana rawar sanyi.

"Su nawa?"

"Ban gani ba, ranki ya daɗe. Duhu ne."

Sajenta ya tsuguna kan sawun ƙafafun igwar. Ramin ya kai masa gwiwa. "Wane irin wawa ne ke satar igwa? Ko makaho ya bi wannan da sanda."

"Ba wawa ba ne ya shirya," in ji Relk. "Wawa aka bar wa. Ku shayar da tsuntsaye sosai, mu ba ma sauri. Ƙishirwa za ta kama mana su."

Ta faɗi gaskiya. Washegari kafin hantsi gorom na farko ya durƙusa, harshensa waje. Yorek ya kwance shi daga sarƙa, ya shafa masa wuya, suka wuce suka bar shi. Na biyu ya faɗi a hawan tudu, igwar ta fara ja da baya, da ƙyar Garro ya cusa dutse ƙarƙashin ƙafa. Duk taku sai an yi da bulala, shi kuwa Yorek bai taɓa dukan dabba haka ba. Hagunsu bangon dutse, damansu ramin da ba a hango ƙasansa. Suka raba busasshiyar gurasar gansakuka, ta ƙi haɗiyuwa.

"Da mun isa gada," Pell yake ta faɗi, "sai na sha ruwa har cikina ya fashe."

Suka iso gadar Sarn. Babu kowa. Babu ruwa, babu dabbobi, ko tokar murhu babu. Gadar ma ta itace ce, 'yar siririya, wadda mutum biyu ba za su jera a kai ba.

Yorek ya dubi gadar, ya dubi igwar. Bai taɓa biyo hanyar nan ba. Dask kuwa ya sha biyowa.

"Ƙila sun makara," in ji Garro.

Tubra ta waiga. Baya take kallo. Ƙura ta taso a kan hanyar da suka biyo, a ƙarƙashinta kawunan tsuntsaye na ɗagawa suna sauka.

"Ku juya min bakinta," ta ce. "Hanya matsattsa ce. Harbi ɗaya zai share su. Pell, mirgino dutse. Garro, ganga."

Suka ja, suka tura, gorom na kuka, har bakin igwar ya kalli hanya. Tubra ta sa wuƙa ta ɓalle murfin ganga. Ta zura hannu ta ɗebo. Ta murza tsakanin yatsunta uku. Ta kai hanci. Ta ɗora a harshe, ta tofar.

Ta ɓalle ta biyun. Haka.

"Baƙin yashi ne," ta ce a hankali. "Na bakin kogi."

"Kamar yaya yashi?" in ji Pell.

"An sha mu basilla, ɗan'uwa. Albarushi yake so tun farko. Mu kuma ya ɗaura mana ƙararrawa a wuya don a biyo mu a ƙyale shi." Ta yi wata 'yar dariya. "Shegen. Har da ce min yaya."

Pell da Garro suka kalli juna, suka kwasa da gudu kan gadar. Ba su kai tsakiya ba bindigogi suka tashi daga hanya. Garro ya kife a kan katako. Pell ya tsaya ya juyo zai ɗaga shi, shi ma aka same shi.

Yorek ya faɗa bayan ƙafar igwar. Harsashi na dukan ƙarfe yana tsalle. Muryar mace ta taso daga bayan duwatsu.

"Ku ajiye makamai ku fito! Igwar kawai nake so, ba gawarku ba!"

"Idan suka karɓe ta," in ji Yorek, "mako mai zuwa tana gaban ganuwarmu."

Tubra ta dube shi, ta dubi yadda hanyar ta karkata zuwa ramin. Duwatsu biyu kaɗai ke riƙe da ƙafafun.

"Za ka iya?"

"Sai na kwance dabbobi tukuna. In ba haka ba za ta ja su."

"Ana harbinmu, kai kana tunanin dabbobi."

"Ba su suka sato ta ba."

Ta ja tsaki, ta karɓi bindigarsa ta haɗa da tata. "Yi sauri. Yatsuna ba su da yawa."

Ya rarrafa cikin ƙafafun gorom. Ƙugiyar farko ta fita. Ta biyu ta cije, ya doke ta da dutse har fatar hannunsa ta saɓule. Bindigar Tubra ta tashi — wani ya yi ƙara a can. Ta sake ɗurawa, tana zagi. Ƙugiya ta uku. Ta huɗu. Ya kwaɗa wa na gaba mari a cinya, dabbobin suka ja jiki suka yi gefe suna tangaɗi.

Ya dawo ya harbe dutsen farko da ƙafa. Igwar ta yi ƙugi, ta motsa kaɗan. Dutse na biyu ya matse, ya ƙi fita. Ya ɗauko sandar danna albarushi ya zura ƙarƙashi, ya hau kanta da duk nauyinsa. Ko gezau.

"Tubra!"

Ta jefar da bindiga ta taso. Ta miƙe tsaye ke nan harsashi ya same ta a haƙarƙari. Ba ta faɗi ba. Ta iso ta kife kan sandar tare da shi, nauyinsu ya haɗu — dutsen ya yi tsalle ya fita.

Igwar ta tafi a hankali, kamar mai shawara. Sai ta ɗauki gudu. Ƙafar dama ta bar hanya, dogon bakin ya ɗaga ya kalli sama, ta juya ta ɓace. An daɗe kafin ƙarar ta taso daga ƙasa, da ta taso kuwa sai da duwatsu suka amsa.

Tubra na kwance, kanta a cinyar Yorek, jini na bin gefen bakinta.

"Ta tsage," ta ce. "Ka ji muryar? Lafiyayyen ƙarfe ba ya kuka haka."

Ba ta sake magana ba.

Relk ta iso da bindiga a hannu. Ta leƙa ramin, ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo.

"Ka san jiya da yamma wani makiyayi ya tare mu a hanya, wai an aiko shi ya ce mu bi ta gadar Sarn? Ogan naku bai ma yarda da sawu ba, sai da ya haɗa da ɗan aike." Ta yi wa saje alama. "Ɗaure shi. A ba dabbobin nan ruwa."

A kurkuku labarin Dask ya iske Yorek. Dask ya kai albarushin sansanin rundunar Sarki da kansa, a matsayin falke, yana neman ninkin kuɗi tunda ya san suna cikin matsi. Ma'ajin runduna ya gane tambarin gangunan duk da an kankare. Aka karɓi kayan, aka rataye shi a ƙofar sansani tare da mutanensa uku.

Igwar sai da aka yi wata guda ana fito da ita, gunduwa-gunduwa. Kafin a haɗa itacen da zai narkar da ita damina ta sauka, hanyoyi suka zama taɓo, abinci ya daina isa sansani. Runduna ta naɗe tantuna ta koma gida. Mutanen Ondrel suka buɗe ƙofa suka yi shuka.

Yorek bai ga wannan ba. An yanke masa aikin rai da rai a maƙerar Sarki, da sarƙa a ƙafa, yana zuba gawayi a tanderun da ake sake narkar da ƙarfen. Matar Oshem tana kawo wa ma'aikata abinci a wurin. Ta san ko shi wane ne. Kullum sai ta zuba masa nasa daidai da na kowa, ta ajiye kwanon a ƙasa, ta wuce ba ta dube shi ba.

Ranar da aka fasa ƙasar zubi, sabuwar igwar ta fito tana sheƙi, ta fi ta farko tsawo. Shugaban maƙera ya bi layin fursunoni yana tambaya ko akwai wanda ya iya koran gorom ɗin da za su ja ta, za a cire masa sarƙa.

Yorek ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da ɗibar gawayi.