Dutsen da Aka Bari da Yunwa

Ƙarfe biyar da rabi na yamma Malama Griselda ta tsaya a ƙofar bas tana ƙirga kawuna. Watan Yuni ne, lokacin hunturu a ƙasar nan, sanyi ya kankama, rana ta faɗa bayan itatuwan bakin rafi. 'Yan aji huɗu suna ta turereniyar hawa cikin fararen rigunansu na makaranta, kowa aljihu ya kumbura.

Ashirin da biyu. Ta sake ƙirgawa, ashirin da biyun dai.

Cacho direba ya zuƙi shayin mate ɗinsa, ya yi dariya. "Malama, lissafin ne ya gagare ki? Kuma wai ke ce mai koya musu!"

"Cacho, don Allah rufa mini baki. Ashirin da uku na kawo."

Wata yarinya ta leƙo ta taga. "Malama, Itatí ce. Ta koma ciki, wai za ta mayar da tata alkamar."

Malama ta san zancen. Tsohon gidan niƙan nan da suka zo gani shekara sittin ke nan rabonsa da aiki, an mai da shi gidan tarihi, makarantun lardin Entre Ríos na kai yara su ga yadda kakanni suka yi gari. Lokacin da Baba Anselmo mai gadi yake wa yara bayani a saman bene, ita tana waje tana amsa wayar shugabar makaranta. Da ta hau, sai ta ga alkama mai kyau a cikin mazurarin katako da ke bisa dutsen niƙa, ba ta fi kwano biyu ba. To, wace malamar aji huɗu ce za ta ga iri ta wuce? Ai duk shekara sai an jiƙa auduga a kwalba yara sun ga yadda tsiro yake fitowa. Tsohon yana sauka ya rufe hanyar ruwan da ke juya dutsen, ta raba wa kowa cikin tafi ɗaya, ragowar ta juye a leda ta jefa jaka.

Itatí kaɗai ta noƙe. "Malama, Baba ya ce ba a barin dutsen da yunwa."

"Ke dai bakinki ya fi ki girma. Miƙo hannu."

Yanzu ga shi Baba Anselmo ya ja ƙofa ya hau kekensa ya tafi tun ɗazu. Malama ta rataya jaka ta ce, "Kada wanda ya sauko. Minti biyu." Ta bi 'yar hanyar da ke gangarawa rafi, tana faɗa a ranta irin jan kunnen da za ta yi wa yarinyar nan.

Ƙofar a buɗe take kamar faɗin tafi. Ta tura. Ciki duhu ya riga ya shiga, sai warin tsohon katako da danshi. Amma akwai wani ƙamshi da babu shi ɗazu, ƙamshin gari mai ɗumi, sabon fitowa daga dutse.

"Itatí?"

Sai kuma ƙararrawa, ƙarama, daga sama. Ƙilin. Ƙilin. Ƙilin.

Ta ga ƙararrawar ɗazu. Igiyar fata ce ke riƙe da ita, bakin igiyar binne a ƙarƙashin hatsi. In hatsi ya ƙare igiyar ta saki, sai ƙararrawa ta riƙa bugawa duk juyin dutse, tana kiran mai niƙa. Amma ai sai dutse na juyawa take bugawa.

Daɓen katakon ya fara rawa a ƙarƙashin takalminta.

Ta leƙa taga. Hanyar ruwa a rufe, kwalbatin a bushe. Babbar ƙafar katakon da ruwa ke turawa ta juya dutsen kuwa tana juyawa abinta, a hankali, tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Malama ta yi alamar gicciye. Tsoro ya kama ta sosai, ta ji kamar ta juya da gudu ta kira Cacho. Sai ta ji tarin yarinya a sama.

Ta hau matattakala. Gari na sauko mata a fuska, yana shiga hanci. Wani wari ya haɗu da shi, warin dutse na gugar dutse, kamar an ƙyasta ashana.

Itatí na durƙushe a bakin mazurari, kanta a sunkuye. Tafinta a buɗe, babu ko ƙwaya.

Akwai mutum a bayanta, ba kuwa Baba Anselmo ba ne.

Dogo ne, fari fat daga hula har takalmi, har gashin idonsa gari ne. Hannun rigarsa na dama a naɗe yake daga gwiwar hannu, babu komai a ciki. Da hagun yake riƙe da jelar kitson Itatí, doguwar nan da ke kai mata ƙugu, yana zura ta cikin maƙogwaron mazurari kaɗan-kaɗan, da natsuwar wanda ya san aikinsa.

"Malama," yarinyar ta ce cikin raɗa, "tawa ba ta isa ba."

Mutumin bai ɗago ba. Muryarsa a bushe. "Wa ya kwashe?"

Malama ta ƙanƙame jakarta.

"Wa ya kwashe?"

"Ni ce, Baba. Ni ce. Ga ta, ka sake ta."

Malama ta zaro ledar ta yage ta, ta juye. Alkama ta zubo shaa, ta danne igiyar. Ƙararrawa ta yi shiru.

Mutumin ya saki kitson. Ya sunkuya yana saurare, kunnensa wajen dutse.

Malama ta rungumo yarinyar ta ja. Kan Itatí ya koma baya da ƙarfi, ta ƙwalla ƙara. Dutse ya riga ya kama bakin jelar.

Alkamar na raguwa. Ana ganin bakin igiyar.

Goshin yarinyar ya taɓa katako.

Malama ta zazzage jakar a ƙasa. Alli, makulli, rajista. Almakashin yanka takarda, mai dakusasshen baki.

Ƙilin.

Ta kama kitson daga tushe ta hau datsa. Gashin ya yi kauri. Ta ciji leɓe, ta datsa, ta datsa, yatsunta na jini.

Hannu mai sanyi ya sauka a kafaɗarta.

Gashin ya tsinke. Jelar ta sulale cikin ramin, ƙarar dutsen ta sauya, ta yi laushi.

Ba ta san yadda suka sauko ba. Ta dai ga kanta a bakin bas da yarinya a kafaɗa, Cacho ya saki baki, mate na zuba a wandonsa. "Ja mota," ta ce. Nan take ya ja.

Washegari da sassafe ta sayi buhun alkama ta kai wa Baba Anselmo har gida, ta faɗa masa komai. Tsohon ya cire hula ya daɗe yana murza ta.

"Dutsen ya samu wani abu nata?"

"Gashi kawai, Baba."

"Kawai," ya ce. Ya ɗora buhun a keke, bai ƙara kallonta ba.

Malama Griselda ba ta sake kai yara ko'ina ba. Itatí ta dawo aji da gajeren gashi, tana karatunta, sai dai kullum rigar na ƙara yi mata yawa. Wata uku da faruwar abin, uwarta ta tare Malama a ƙofar makaranta, idonta ya faɗa.

"Malama, likita ya ce bai ga komai ba. Tana ci kamar mutum biyu, amma ramewa take. In ta yi barci sai ta riƙa tauna haƙora, gurr, gurr, har asuba." Ta kwance bakin wani ƙyalle. "Wannan nake kakkaɓewa daga matashinta kullum da safe."

Gari ne, mai laushi, da sauran ɗuminsa.

"Ke kika je da ita. Ki faɗa mini tsakaninki da Allah, me 'yata take niƙawa?"