Jiran Jirgin Ranar Kasuwa

Maijidda na zaune a tsakar gidansu da ke Malali a Kaduna, jaririnta bisa cinya, ta zuba wa famfo ido kamar yau ta fara ganinsa. An kawo wuta, fanka na ta juyi a falo, ga kwanon shinkafa a gabanta, amma ko murfin ba ta ɗaga ba.

"Umma, fito ki ga 'yarki!" in ji ƙanwarta Fadila, tana latsa waya. "Wallahi ta sake tafiya Gungu, gangar jikin ce kawai a nan. Anti, wai me ke can ne? Ba wuta, ba netwok, ko caji sai an haye ruwa!"

Maijidda ta yi murmushi kawai. Me za ta ce wa wadda ba ta taɓa gani ba?

Gungun Tsamiya tsibiri ne can tsakiyar Kogin Kwara, ta wajen ƙasar Yawuri. Jirgin inji ba ya leƙa shi sai ranar kasuwa, in kuwa iska ta taso to sai wani makon. Nan ne garin mijinta Ila, wanda a da yake kawo wa mahaifiyarta kwandunan bandar kifi a kasuwa, har Allah ya haɗa jininsu. A unguwar Kinkinau suka fara zama. Da mahaifinsa ya rasu ya koma gida riƙon tsohuwa da ƙanne, ita kuma ta bi shi. Ta sha kuka a farko, ta sha cizon sauro. Amma yanzu da ta dawo gida wankan jegon fari, ba abin da take tunawa sai sanyin asuba lokacin da maza ke tura kwale-kwale, da hayaƙin banda da ke kama zane, da yara masu iya iyo tun ba su iya wanke hanci ba. Sai kuma Ila, ya dawo jiƙe sharkaf, ya zaro kifin da ya fi kowanne mai ya miƙa mata a ɓoye, wai kada Innarsa ta gani ta ce ya lalace.

Mahaifiyarsu Hajiya Hansai ta fito tana gyara ɗaurin zane. Mace ce da ko a kasuwa ba a taya kayanta sau biyu. Tun rasuwar mijinta da kifin nan ta riƙe gida, ba ta taɓa miƙa wa wani ɗan uwa hannu ba.

"Umma," Maijidda ta ce a hankali, "arba'in fa ta daɗe da wucewa. Yaro har ya fara zama."

"Ta wuce ɗin! Shi mijin naki ƙafarsa ce ta karye? Tun ranar suna da ya zo ya tsuguna a zaure ya gudu, kin ƙara ganin ƙeyarsa? Ke da sai da aka ƙara miki jini kafin ki farfaɗo! A can wa zai ƙara miki, tarwaɗa? In yana so ya tako ya roƙa. Ni Hansai ban taɓa bin mai saye da haja ba."

Ranar kasuwa kaɗai Ila ke samun sabis, in ya haye tudu. Wayar na shigowa Maijidda ta faɗa ɗaki da gudu.

"Ila, yaushe za ka zo ka tafi da mu?"

Ƙarar inji da hayaniyar 'yan kasuwa suka cika wayar.

"Ni in zo? Haba Maijidda! Ki dai bi abin da Hajiya ta ce."

Layin ya yanke. Ta kifa kai a filo ta yi kuka har yaron ya taya ta. Ko dai ya gaji ne? Ko ruwan da ke tsakaninsu ya shiga har zuci? Ga Umma ta fara zancen gara ya aiko da takarda kowa ya huta. Maijidda ba ta yi mata musu ba, ba ta kuma sulale ta gudu ba, sai rama da take yi kamar kazar da ta kwanta kan ƙwai.

Wata ranar Laraba da hantsi, keke napep ya tsaya a ƙofar gida. Wata tsohuwa ta fito tana dafa bango, fuskarta ta yi fari fat, kwando a kanta. Maijidda na leƙowa ta kwala ihu.

"Inna! Inna Ladidi! Ke ce a Kaduna?"

Surukarta ce, matar da tun da aka haife ta ba ta taɓa wuce kasuwar tudu ba.

"Ni ce ɗiyata. Ku ba ni ruwa, wannan mota ta kusa amayar da hanjina. Jirgi bai taɓa yi mini haka ba!"

Aka yi mata shimfiɗa, ta ƙi hawa kujera. Ta karɓi jikanta ta daɗe tana shinshina kansa, sannan ta dubi Hajiya.

"Hajiya, na taho in ji laihin da munka yi."

"Laifi? Ɗanki ya ajiye min mata da ɗa ya manta da su, ki ce wane laifi?"

Inna Ladidi ta riƙe haɓa. "Shi taho? Wurinmu namijin da ya tahi gidan surukai ɗauko mai jego ai ya zage su, kamar ya ce ba su iya ciyar da ita ba. Dangin mace ke maido ta da kansu. Hajiya, kowace ranar kasuwa mata na share hanya tun daga bakin gaɓa har ƙofar ɗakinta. Mu tuƙa tuwo, mu tsaya kallon jirgi. Shi iso, a sauke gishiri da kananzir, babu ku. Yaron nan shi juya shi shiga kwale-kwale, ba mai ganinsa sai yamma. Ko abinci ba ya ci."

Maijidda ta toshe baki, hawaye na bin yatsunta. Ashe su ma jira suke!

Hajiya ba ta sauko ba. "To na ji. Asibiti fa? Ruwan nan da ke cin mutane fa?"

"Ba ni yi miki ƙarya. Asibiti babu. Ruwa kuwa shi ya ci uban Ila, a gaban idona." Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi. "Amma shi ya ciyar da mu, kuma kifin da kika raini ɗiyanki da shi daga cikinsa ya hito."

Matan biyu suka dubi juna, kowacce ta san abin da 'yar uwarta ta haɗiya. Can Hajiya ta gyara zama irin na ciniki.

"Jikana ba zai hau jirgi ba sai da rigar nan mai hana nutsewa, shi da uwarsa. In hadari ya haɗu ba hayewa, ko kasuwar zinariya ake ci. In kuma wani cikin ya samu, yana wata shida a kawo min ita."

"Takwas dai, Hajiya."

"Bakwai! Ban rage ko kwana ba."

"Na sallama."

Fadila ta tuntsire da dariya. "Umma, 'yarki ce fa, ba kwandon kifi ba!"

Ranar kasuwa ta gaba Hajiya Hansai da kanta ta shiga jirgi, ta ƙanƙame katako tana ta salati, ita da ba ta taɓa nuna tsoro a gaban kowa ba. Tun daga nesa Maijidda ta hango tsamiyar, sannan rufin ciyawa, sannan mata jere a gaɓa. Da suka gane masu zuwa sai guɗa ta tashi har ta danne ƙarar inji. Wani mutum ya faɗo ruwa da rigarsa, ya kutso har ruwa ya kai masa ƙirji, ya riƙe bakin jirgin. Ila ne, ya rame, kansa a sunkuye don kunyar suruka.

"Ɗago mana, sarkin kunya," in ji Hajiya. "Ga amanarka na kawo. Karɓi ɗanka kafin in fasa."

Ya miƙo hannuwa biyu suna ɗigar ruwa, idonsa ya faɗa cikin na Maijidda.

'Yan mata, ku duba. Da Maijidda ta biye wa zuciya ta nemi takarda, ko ta saɓa wa uwa ta gudu, da ɗaya cikin gidajen nan biyu ya rushe. Iyaye kuma, kafin ku yanke wa suruki hukunci ku tambayi al'adar garinsu, don wani shirun ba raini ba ne, girmamawa ce.