Kwale-kwale na Goma

Da safiyar ranar wasan ruwa Safara'u ta sauko bakin dam ɗin da ke gefen Faskari, ta ƙirga kwale-kwale. Goma! Jiya tara mijinta Malam Audi ya ɗaure.

Dokar kuwa kowa ya santa. Masunta na iya wasansu ba takarda muddin ba su wuce jirgi tara ba. Daga goma sai da izinin hukuma, in babu a ƙwace jiragen duka. Kafin ta juya, Saje Harisu ya iso ya riƙe hannun Audi.

"Yallaɓai, jiragen nan su ne cinmu," in ji Safara'u. "Wallahi ƙara mana aka yi."

"Kawo mini wanda ya ƙara kafin azahar. In ba haka ba, mota ta kwashe su."

Ta fara da Gide, mai jirgin na goma, wanda ba ya ga maciji da Audi.

"Tun asuba nike neman jirgin nan," in ji Gide. "In kawo jirgina inda za a ƙwace? Mi ya yi zafi?"

Ta tuhumi Lawwali makaɗi, mai son taro ya cika. Ashe a Yankara ya kwana wajen biki, mutum biyar suka shaida.

Rana ta take. Safara'u ta durƙusa gindin igiyar jirgin na goma tana hawaye, sai idonta ya tsaya kan ƙullin. Masunci zarge yake yi, ja ɗaya ya warware. Wannan kuwa an murɗe shi ne kamar an ɗaure saniya a turke.

Can gefe Alhaji Nata'ala mai shanu na tsaye yana kallo. Ta kwance jirgi ɗaya, ta tura shi ruwa, ta jefa masa igiyar.

"Alhaji, don Allah taimaka, zai tafi!"

Ya cafe, ya ɗaure ba tare da tunani ba. Ta kira Saje.

"Duba ƙulli biyun nan, Yallaɓai. Hannu ɗaya ne. Nan ce mashayar shanunshi, kiɗan wasa kuwa kwana uku yake korarsu, shi ya sa ya ƙara jirgi don a hana wasan."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Bara shanu biyu suka mutu mini da ƙishirwa," in ji shi.

Saje ya saki Audi. Gide ya tuƙa jirginsa ya tafi. Safara'u ta sake ƙirgawa da yatsa, har sau uku. Tara.