Yatsun Aro

Da aka kawo na'urar ɗaukar zanen yatsa ofishin albashi, manya suka ce sata ta ƙare. Mu da muka tsufa a kan tafireta muka ci gaba da buga takardunmu.

Akawun albashi yana da ma'aikatan bogi bakwai, sunaye kawai a takarda, kuɗinsu na zuwa aljihunsa. Yanzu duk wanda bai dangwala yatsa ba, kwamfuta za ta share shi. Da rana tsaka ya nufi wurin boka.

Ɗakin ba taga. Jan ƙyalle a bango, baƙar tukunya da busasshen jini a bakinta, kakin zuma na narkewa a kasko.

"Ranka ya daɗe, mutanena ba su da yatsu."

"Ai rai ma ba su da shi," in ji boka. "Mutum nawa ke ci a tukunyarka?"

"Bakwai. Me ya kawo zancensu?"

"Ga kaki. Kowa ya danna babban yatsansa. Aro ne, ran da ka daina karɓar albashin za a mayar musu."

A gida ya ce rajistar asibiti ce. Mahaifiyarsa ta danna tana dariya: "Ɗan nan, har yatsan tsohuwa gwamnati ke so?"

Na'ura ta karɓi kakin duka. Kwamfuta kuwa ba ta tambaya, ƙarin girma take yi musu tana zuba alawus. Ya gina bene, ya sayi mota.

Sai yatsan tsohuwa ya yi sumul kamar ƙwai. Ta daina amsa sunanta, sai na masinjan bogin da ya ari yatsanta, har ta rasu. Ƙanensa ya bi ta, 'ya'ya uku suka bi. Matarsa kullum da safe ta ɗauki jaka tana kuka: "Maigida, na makara aiki." Ita da ba ta taɓa aikin ofis ba. Ita ma ta bi su.

Saura auta. Ya ruga don ya goge sunayen, kwamfuta ta ƙi: a sabon tsari, sai ya rubuta dalili mai binciken kuɗi ya sa hannu. Layi biyu na gaskiya za su ceci yarinyar. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce bari wata ya ƙare tukuna.

Ana zuba mata ƙasa wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Albashinta ne ya shigo.

Kai mai hangen dukiyar jama'a, ka ji tsoron Allah. Na'ura a iya ruɗinta, amma abin da ka ci, a gidanka za a cire shi.