Kwana Tara Takardar Zaid Tana Jakarta

Sau biyu hannunsa ya kuskure kofin shayin kafin ya kama shi.

Ba wanda ya lura a falon sai Mardiya. Abba ya yi nisa cikin labarin zamansu ɗaki ɗaya da mahaifin Zaid a Zariya, Umma tana kai da kawo da faranti, ita kuwa kanta a sunkuye kamar kullum. Wata uku ke nan Zaid yana zuwa gidansu na unguwar Mohandessin a Alƙahira duk Juma'a, wata biyu da ya furta mata abin da ke ransa, amma har yau ba ta taɓa iya kallon ƙwayar idonsa ba. Kunya ta hana. Hannayensa ta sani, da tabon da ke bayan babban yatsansa, da yadda ba sa kuskuren komai.

A Denmak aka haife shi. Babansa Bazamfare ne, mamarsa 'yar can. Tun yana shekara bakwai yake tseren ƙananan motoci, har ya kai ga masu kujera ɗaya, waɗanda tayoyinsu ke waje, direban kamar a kwance. Da sanyi ya shigo aka rufe tseren bana, babansa ya turo shi unguwar Darrasa ya koyi Larabci, ya gyara karatunsa.

Da ta raka shi bakin matakala, ta tattara duk ƙarfin halin da take da shi ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Zaid... bi yatsana da ido. Kada ka motsa kai."

Ya yi dariya. "Yau likitata ce za ta kalle ni? Yau da rabon in yi sadaka."

"Don Allah."

Ta kai yatsan sama, ta kai gefe, ta yo ƙasa. Idon dama ya bi. Na hagu ya tsaya a hanya.

Shekararta huɗu tana karatun likita a Giza, ta san abin da ta gani. Wata uku abin yana gabanta, tana kallon ƙasa.

Bai yi gardama ba. Ya jingina da bango, ya faɗa mata da Hausarsa mai ɗan gargada: a tserensa na ƙarshe motar ta daki shinge, an duba kansa an sallame shi, bayan kwanaki sai ya fara ganin abu biyu in ya kalli ƙasa ta gefe. Bai gaya wa kowa ba. Yanzu kuma wata ƙungiya ta ba shi kujerar direba a mataki na gaba, abin da yake nema tun yana yaro, saura kawai takardar lafiya mai sa hannun likita, kafin sha biyar ga wata.

"Shekarata ashirin da ɗaya, habibti. A sana'armu na tsufa. 'Yan sha shida ne a bayana. In kujerar ta wuce ni, khalas, shi ke nan."

"Amma idonka..."

"Ina karkata kai, sai ya daidaita. Na saba." Ya rage murya. "Yayanki likita ne. Ke kaɗai nake da ita a garin nan, Mardiyata."

Ta karɓi takardar.

Yaya Mu'tasim ɗan yayan Umma ne, yana aiki a wani asibitin kuɗi a Giza, shi ne kuma wanda Umma take so mata tun tana sakandare. Umma ba ta ƙi Zaid don wani hali ba. Cewa take ba za ta ba da 'yarta ga wanda yake fita neman ajalinsa duk ƙarshen mako ba.

Mardiya ta tafi da fatan zai kore ta. Ta ma gaya masa maganar idon, ba ta ɓoye komai ba. Ya karanta takardar a tsanake, ya yi murmushi, ya zaro biro. Bai ce a kawo masa Zaid ba. Ya sa hannu, ya danna hatimi, ya hura tawadar.

"Ki kai masa, ƙanwata. Mutum da sana'arsa, ai ba a riƙe shi. A bar shi ya tafi."

A nan ta gane. So yake Zaid ya bar Alƙahira. Ko kofin tsere zai ɗauko, ko shi za a ɗauko, wannan ba damuwarsa ba ce.

A cikin jirgin metro, a taragon mata, ta rungume jakarta a ƙirji. Zaid ya taɓa gaya mata cewa a miƙaƙƙen titi motar tana haura kilomita ɗari biyu da arba'in a awa, kuma wurin taka birki bai wuce faɗin tabarma ba. Ta yi ta ganin kwanar titi ɗaya ta zama biyu a gabansa, yana zaɓen wadda zai shiga.

Da ya kira ta da yamma, bakinta ya riga zuciyarta.

"Yaya ya yi tafiya. Sai gobe."

Gobe ta zo, ta ce hatimin yana kulle a ofishin shugabansu. Jibi ta ce an kira shi tiyata. Duk ƙaryar da ta yi sai ta haifi wata, kuma duk sau ɗaya bai yi shakka ba. Cewa yake ma'alish, ba komai, ya san tana wahala saboda shi. Har fure ya aiko mata.

A rana ta shida ya ce abokin ɗakinsa Munzir ya san wani likita a Darrasa da ba ya yawan tambaya, bari ya sake buga takardar ya kai can.

Nan ne wurin da ya kamata ta faɗi gaskiya. Ta sani a lokacin, ta kuma sani har yau.

"Kada ka je," ta ce. "Na yi maka alkawari za ta fito a kan lokaci. Ba ka yarda da ni ba ne?"

"Na yarda da ke fiye da idona."

Ta kashe wayar, ta kifa kai a kan littafi. Takardar tana ciki, tsakanin shafukan jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Sha biyar ga wata ta wuce. Washegari ƙungiyar ta ba wani yaro ɗan sha bakwai kujerar. Zaid bai zarge ta ba. Shi ne ma ya riƙa lallashinta, yana cewa ƙaddara ce, ta daina kuka, ba laifinta ba ne. Kowace kalma tasa kamar ana ɗiga mata ruwan zafi. Abinci ya daina shiga, sallarta ta yi tsawo, amma in ta ɗaga hannu sai ta rasa me za ta roƙa, don ba ta yi nadamar hana shi takardar ba. Ƙaryar da ta yi masa ce ke cinta.

Juma'ar da ta biyo baya, Umma ta gayyato Yaya Mu'tasim cin abinci. Ya ga Zaid zaune a gefen Abba, ya ɗan tsaya. Sai da aka zuba shinkafa ya ce, kamar abin bai dame shi ba:

"Ashe kana nan? Na ɗauka ka tafi. Ai tun Asabar ɗin farkon wata na sa wa takardarka hannu na ba Mardiya."

Cokali ya tsaya a hannun Zaid.

Abba ya tambayi wace takarda ce. Mu'tasim ya fara bayani, bai ankara ba ya tona kansa. Abba ya ajiye tabarau ya tambaye shi ko haka aka koya musu, a sa wa mutum hannu ba a gan shi ba. Umma ta yi ta salati. Mardiya ba ta ji rabin abin da ake faɗa ba.

"Mardiya," Zaid ya ce a hankali. "Tana ina?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta dawo da littafin. Ta buɗe a gabansa. Ya ɗauki takardar, ya karkata kai, ya daɗe yana kallon kwanan watan da ke ƙarƙashin hatimin. Sannan ya nemi izinin Abba su yi magana a baranda.

Ƙarar motocin titi tana hawowa. Ya riƙe ƙarfen barandar da hannu biyu.

"Kwana tara," ya ce.

"Tsoro na ji, Zaid. Tsoro na ji kada ka mutu."

"Na sani. Ni ma na ji shi. Amma tsoron nawa ne, ni zan ɗauka."

"Da na ba ka, da ka tafi..."

"Da kin ce min ba za ki ba ni ba, da na yi fushi. Wataƙila in yi ihu. Wataƙila kuma in ji maganarki, in kira ƙungiyar in gaya musu gaskiya, su jira ni wata uku. Ban sani ba." Ya saki ƙarfen barandar. "Yanzu ba zan taɓa sani ba. Kin riƙa ce min gobe, ina yi miki godiya."

"Ka yafe min, don girman Allah."

"Na zauna ina share miki hawaye, Mardiya. A kan abin da yake cikin jakarki."

A karo na biyu a rayuwarta ta kalli idonsa, ta kuma so da ba ta kalla ba.

Abba da kansa ya kai shi wurin ƙwararren likitan ido. Jijiya ce ta bugu, za ta iya warkewa cikin watanni, amma likitan ya ce shiga tsere da ita ganganci ne. Kowa ya ce Mardiya ta yi daidai. Abba ya sa mata albarka. Umma ma ta ce ta ceci ran ɗan mutane. Yaya Mu'tasim ya ɗauke ƙafa daga gidan. Ba ɗaya cikin waɗannan da ya rage mata nauyin ƙirji, don ta san ba a kan ido Zaid ya yi magana ba.

Bayan mako biyu Abba ya kira ta ɗakinsa. Ya daɗe yana juya carbi kafin ya ce Zaid ya same shi a masallaci. Zaid ya ce a gaya mata ya yafe, duniya da lahira. Amma zuwan da babansa zai yi bayan Sallah neman aure, a dakatar. Ya ce ba zai iya zama da mace yana auna kowace "gobe" tata ba, kuma ba ya so ya zalunce ta da zargi.

"Litinin zai tafi, Mamana," Abba ya ce. "Ki yi haƙuri."

Ranar Lahadi aka buɗe tseren sabuwar shekara. Ta san inda zai kalla, wani shagon shayi a bayan masu littattafai, inda ya roƙi mai shagon ya riƙa kamo masa tashar. Bayan la'asar ta ɗauki tasi zuwa Darrasa. Duk hanya tana shirya maganarta. Ba za ta kare kanta ba. Za ta ce ya ba ta shekara ɗaya kawai, ya gwada ta.

Ta hango shi tun daga bakin ƙofa. Yana zaune shi kaɗai a gaban talabijin, ya ba ta baya, an rufe gilashin hagu na tabaransa da farin filasta. A allon, shuɗiyar motar ƙungiyar nan tana shan kwana, da sunan wani a jikinta.

Sai ta ga ƙafafunsa a ƙarƙashin tebur.

Ta dama tana danne a ƙasa. Da motar ta doso kwana, ta ɗaga, ta hagu ta taka da ƙarfi, kafaɗarsa ta karkata. Yaron da ke cikin motar ya makara da birki, ya zarce. Zaid ya girgiza kai kaɗan, ya sake danna ƙafar dama, yana tuƙa motar da ba tasa ba a kan simintin shagon shayi.

Mai shagon ya matso yana tambayarta ko tana neman wani.

Mardiya ta buɗe baki. Ta kalli bayan Zaid, ta kalli ƙafafun.

Ta gyara mayafinta, ta juya, ta bi ta tsakanin masu littattafai har ta fita titi.